Fada Martini na Bolonya, Malamin Masu Tsara Waƙa (1706–1784)

A yawancin majami'unmu, daga birnin Kano zuwa Dutse, har Haɗejiya, da wuya a yi Misa ran Lahadi ba a ga wani yaro zaune gaban kibod ba. Sau da yawa ba wanda ya koya masa. Da kunne ya ji, ya yi ta lalube da yatsa, har ya iya raka mawaƙa. In aka kawo sabuwar waƙa daga wata majami'a, kafin mako ya kewayo ya haddace ta. Amma a ba shi Zabura a ce ya sa mata kari nasa na kansa, ya kuma raba wa muryoyi huɗu, sai ya sunkuyar da kai. Laifin ba nasa ba ne, gama da yawa daga cikinmu mun ɗauka tsara waƙa baiwa ce tsagwaronta, wanda Allah ya ba ya ba, ba ruwan malami. Saboda haka muka ga ya dace mu kawo muku tarihin wani firist wanda ya yi fiye da shekara hamsin yana zaunar da samari masu kaɗa ogan da piyano, yana koya musu yadda ake tsara waƙa, har sunansa ya gama ƙasashen Turai alhali shi kansa da ƙyar yake fita garinsu.

An haifi Giovanni Battista Martini ran 24 ga Afrilu, 1706, a Bolonya, wani birni a arewacin Italiya wanda a zamanin nan yake ƙarƙashin mulkin Paparoma. Birnin malamai ne, gama jami'arsa, wadda ake lissafin farkonta daga 1088, ita ake ɗauka mafi tsufa a Turai. Mahaifinsa, Antonio Maria, makaɗin goge ne irin na Turawa, shi ne kuwa ya fara sa masa hannu a kiɗa. Firistocin ƙungiyar Waliyyi Filibus Neri suka koya masa Latinanci da sauran karatu. Yana da shekara 15 ya shiga zaman zuhudu cikin 'ya'yan Waliyyi Faransis na Asisi, ya yi shekarar gwaji a garin Lugo, ya ɗauki wa'adi ran 11 ga Satumba, 1722. A 1725, yana ɗan shekara 19, aka naɗa shi shugaban mawaƙa na majami'ar Waliyyi Faransis a Bolonya. A 1729 aka keɓe shi firist. Wannan kujera ta shugaban mawaƙa ita ya riƙe shekara 59, har ran da Ubangiji ya kira shi. An yi masa tayin babban aiki a Roma, ya gode, ya yi zamansa.

Sai mu ɗan tsaya a kan kayan kiɗan, don kada a ruɗe. A ƙuruciyar Martini, ogan shi ne na majami'a, a gida kuwa ana kaɗa wani abu mai suna cembalo. Fuskarsa kamar ta piyano ce, sai dai in ka danna, tsirkiyar ake tsakura kamar yadda ake yi wa garaya, saboda haka ko ka danna da ƙarfi ko a hankali, amon kusan ɗaya ne. Wajen shekarar 1700 wani gwani mai suna Bartolomeo Cristofori a birnin Filorens ya ƙera irinsa mai 'yan guduma da ke bugun tsirkiya, wanda yake iya yin taushi ya kuma yi ƙara. Shi ne piyano. Sai dai ya daɗe kafin ya bazu, almajiran Martini ne suka ga zamaninsa. Martini da kansa ya tsara kiɗan ogan da cembalo guda 12 waɗanda aka buga a Amstadam a 1742, ban da ɗimbin waƙoƙin Misa da na Zabura. Har wasannin barkwanci masu waƙa ya tsara, gama ba mutum ne mai ɗaure fuska ba.

Ko da yake ya zama shugaba da wuri, bai daina zuwa ɗaukar karatu ba. Akwai wani dattijo, Giacomo Antonio Perti, wanda ya shugabanci mawaƙan babbar majami'ar Waliyyi Petronio shekara 60, daga 1696 zuwa rasuwarsa a 1756. Wurinsa Martini ya riƙa kai abin da ya rubuta a duba masa. Abin da Perti ya yi masa, shi ya yi wa waɗanda suka zo bayansa.

To, ƙaƙa ake koya wa yaro tsara waƙa? A Italiya ta wancan zamani ba a fara da cewa yaro ya zauna ya jira wahayi. Malami yakan rubuta muryar ƙasa kaɗai, wadda mawaƙanmu suke kira bes, ya sa 'yan lambobi a bisanta. Yaro ya kaɗa ta da hannun hagu, hannun dama kuwa shi zai nemo abin da ya dace ya hau kai. Yau ya cika ta da wannan, gobe ya cika ta da wancan. Tun bai san yana tsara waƙa ba, yatsunsa sun riga sun fara. Sa'an nan a koma ga takarda, a shiga fannin da Martini ya fi kowa sani a zamaninsa, wanda Italiyawa suke kira kontrapunto, mu kuwa za mu iya ce masa saƙar muryoyi. Kamar yadda masaƙi yake haɗa zare da abawa, haka ake ɗaukar wata tsohuwar waƙar Ikkilisiya mai murya ɗaya, irin wadda ake jingina wa Paparoma Giregori, a shimfiɗa ta, almajiri ya saƙa wata murya a kanta. Sharaɗin shi ne, kowace murya in an raira ta ita kaɗai ta yi daɗi, in an haɗa kuma su jitu. In ya iya biyu sai a ƙara ta uku, sai ta huɗu. Akwai dokoki. Muryoyi biyu kada su yi ta tafiya kafaɗa da kafaɗa a tazarar do da so, gama kunne zai ji su kamar murya ɗaya, saƙar ta yi rami. Sautin da yake karo da ɗan'uwansa ba a hana shi ba, amma sai an share masa hanya kafin ya shigo, a kuma sulhunta shi nan da nan. Daga ƙarshe sai a kai ga abin da ake kira fuga, inda ake ba almajiri ɗan guntun kari, muryoyi su riƙa karɓarsa ɗaya bayan ɗaya, shi kuma ya gina waƙa sukutum daga wannan ɗan guntu.

Duk wannan ba baƙon abu ba ne a ƙasar Hausa, in muka cire takarda da tawada. Ɗan makaɗi, ko na fada ne ko na noma irin waɗanda suke bin gayya a fadamun kogin Haɗejiya, ba a fara ba shi babbar ganga. Ɗaukar kaya zai fara, sa'an nan a ba shi kanzagi ya riƙe ƙasan kiɗa, daga nan ya shiga cikin 'yan amshi. Ya yi shekaru yana amsa waƙar ubangidansa, sai wata rana a bar shi ya yi ƙari, ya jefa ɗan nasa a tsakiyar waƙa. In ya yi daidai a bar masa, in ya kauce a gyara masa a gaban kowa. Haka Musa Ɗanƙwairo, wanda ya rasu a 1991, ya taso a hannun mahaifinsa. Iyayenmu sun san ana haihuwar yaro da kunne, sun kuma san kunne kaɗai ba ya mai da shi makaɗi. Yaran kibod namu su ne aka bari ba ubangida.

Masu binciken tarihi sun ƙidaya kimanin mutum ɗari waɗanda suka ɗauki karatu wurin Fada Martini, wasu shekaru, wasu 'yan makonni. Sun zo daga Jamus, da ƙasar Cek, da Beljiyam, har daga daular Rasha. Wanda ya koma gida yakan ci gaba da aiko da abin da ya rubuta ta hanyar wasiƙa, Fada ya duba, ya gyara, ya mayar. Wasiƙun da suka rage daga wannan hulɗa, da ta sauran abokansa, sun kai wajen 6,000.

Ɗaya daga cikinsu shi ne Johann Christian Bach, autan 'ya'ya maza na shahararren makaɗin nan na Jamus, Johann Sebastian Bach. Mahaifinsa ya rasu a 1750 yana ɗan shekara 14. Ya riga ya gwanance a kan cembalo sa'ad da ya iso Italiya wajen 1755, amma duk da gidan da ya fito bai ga ya fi ƙarfin zama gaban ɗan zuhudu ba. Ya zauna a Milan, yana aika wa Martini waƙoƙin sujada a gyara masa. Ya shiga Ikkilisiyar Katolika, a 1760 ya zama mai kaɗa ogan a babbar majami'ar Milan, a 1762 kuma ya tafi Landan, inda ya zama malamin kiɗa na Sarauniyar Ingila. Yana cikin mutanen farko da suka kaɗa piyano a gaban taron jama'a a Landan, a 1768. A can ne, tsakanin 1764 da 1765, aka kawo masa wani yaro ɗan shekara 8 daga Salzbag. 'Yar'uwar yaron ta ba da labari daga baya cewa Bach yakan zaunar da shi a gabansa, su riƙa kaɗa kiɗa ɗaya, wannan ya yi kaɗan ya bar wa wancan, har mai ji ya zaci mutum ɗaya ne. Yaron nan shi ne Wolfgang Amadeus Mozart. Ashe tun bai taka ƙasar Italiya ba, koyarwar Bolonya ta riga ta tarye shi.

An haifi Mozart a 1756. Mahaifinsa, Leopold, malamin kiɗa ne, ya kuwa tanadi wani littafi inda yake rubuta wa 'yarsa ƙananan darussan cembalo. Sa'ad da ƙanenta ya kai shekara 5, ya fara ƙago 'yan kiɗe-kiɗe nasa, hannunsa bai iya rubutu ba tukuna, sai uban ya riƙa rubuta masa su a shafukan da suka rage. Iyaye su lura da wannan: abin da yaro ya ƙago, kome ƙanƙantarsa, an ga ya isa a rubuta a ajiye. A ƙarshen 1769 uba da ɗa suka kama hanyar Italiya. Suka iso Bolonya ran 24 ga Maris, 1770. Bayan kwana biyu wani basarake mai suna Pallavicini ya shirya taro a gidansa domin a ji yaron, Fada Martini kuwa, wanda ba ya fita irin waɗannan taro, ya zo. Sau biyu suka ziyarce shi a gidan zuhudu, kowane zuwa ya ba yaron ɗan guntun kari, yaron ya gina fuga a kai. Suka wuce Roma, inda Mozart ya ji wata waƙar tuba ta Makon Mai Tsarki a ɗakin sujadar Paparoma, ya koma masauki ya rubuta ta da ka. Paparoma Kilimanti na 14 ya ba shi lambar girma.

Yaron da duniya take tafa wa haka, me ya rage a koya masa? Da saura. A watan Yuli suka komo Bolonya, Leopold yana jinyar ƙafa saboda hatsarin keken doki, suka zauna kusan wata uku. A wannan zama ne Mozart ya sami karatu wurin Martini. Tsohon yana da shekara 64, yaron 14. Kiɗan fada da na gidan wasa yaron ya iya shi kamar ruwa, amma tsohuwar saƙar muryoyi ta Ikkilisiya, irin ta Palestrina wanda ya rasu tun 1594, bai ƙware a kanta ba. Martini yana da wata dabara ta wasa da hankali. Akwai irin waƙar da murya ɗaya take farawa, ta biyu ta biyo ta da kari iri ɗaya bayan ɗan lokaci, ta uku ta biyo ta biyu, kamar yadda yaran makaranta suke yi. Martini yakan rubuta layi ɗaya tak, ya sa kacici-kacici da Latinanci a kansa, almajiri ya gano da kansa inda sauran muryoyin za su shigo. Ya tsara irin waɗannan wajen dubu. Takardun Mozart na wannan shekara sun nuna ya kwafi wasunsu, ya warware, ya kuma gwada nasa.

Ran 9 ga Oktoba, 1770, Mozart ya shiga jarrabawar zama ɗan ƙungiyar makaɗa ta Bolonya, Accademia Filarmonica, wadda aka kafa a 1666. Bisa ga ƙa'idarsu sai mai shekara 20 yake shiga, amma aka ɗauke masa. Aka kulle shi shi kaɗai a ɗaki, aka ba shi wata tsohuwar waƙar sujada wadda kalmominta suka fito daga Matiyu 6:33, inda Ubangiji yake magana a kan fara neman mulkin Allah, aka ce ya saƙa mata muryoyi uku a bisa. Wasu sukan yi sa'a uku a kan irin wannan aiki, shi bai cika sa'a guda ba. Alƙalai suka jefa ƙuri'a, aka karɓe shi. Leopold ya rubuta wa matarsa da murna ƙwarai. Littafin ƙungiyar kuwa bai zuzuta ba, abin da aka rubuta a ciki shi ne aikin ya wadatar in aka dubi halin da aka yi shi.

Daga baya aka tarar da takardu uku. Ta farko da hannun Mozart, waƙa ce mai daɗi, amma ta taka dokokin tsohon salon da ƙungiyar take nema. Ta biyu da hannun Martini, waƙar nan ce dai aka sāke saƙa ta bisa ga doka. Ta uku da hannun Mozart kuma, kwafin ta Martini ce, ita ce kuwa take cikin ajiyar ƙungiyar. Masana sun rabu a kan wannan. Waɗansu sun ce tsohon ya miƙa wa yaron amsa a ɓoye, waɗansu sun ce an yi hukunci a kan ta farkon, daga baya malamin ya gyara, ya sa aka ajiye gyararriyar domin kada a sami abin zargi. In na farkon ne, ba za mu yabe shi ba, ko da firist ne, gama mun ga irin ɓarnar da satar jarrabawa take yi wa makarantunmu. Amma akwai abin da ba a gardama a kansa. Yaron da Paparoma ya rataya wa lamba wata uku da suka wuce an nuna masa kuskurensa, ba da faɗa ba, malamin ya zauna ya yi aikin da hannunsa domin a ga yadda ake yi, yaron kuma ya sunkuya ya kwafa layi layi.

Ba su ƙara ganin juna ba bayan wannan shekara. Amma a watan Satumba na 1776, Mozart yana da shekara 20, wasiƙa ta iso Bolonya daga Salzbag tare da wata waƙar baiko da ya tsara, yana roƙon malaminsa ya faɗa masa gaskiya a kanta. A cikin wasiƙar har da kukan cewa Babban Bishop nasu ya hana Misa ta wuce minti 45, ko da a babban idi ne. (Mun san akwai waɗanda za su so a turo mana irin wannan Bishop.) Martini ya amsa a watan Disamba, ya yaba wa waƙar, ya kuma ƙarfafa shi ya ci gaba da gwaji.

A 1774 Fada Martini ya fitar da kashi na farko na littafinsa na koyar da saƙar muryoyi, kashi na biyu ya biyo baya ba da jimawa ba. Sunan da ya sa masa, Esemplare, ma'anarsa abin koyi. Dokoki 'yan shafuka ne a farko. Sauran duk cikakkun waƙoƙi ne na magabata, irin su Palestrina da Costanzo Porta, wanda shi ma ɗan Faransis ne, a ƙarƙashin kowace kuwa Martini yana nuna wa saurayi abin da mai waƙar ya yi, da dalilinsa, har da inda ya karya doka da gangan domin kalmar da ake rairawa ta bukaci haka. Wannan ita ce zuciyar koyarwarsa. Ya gaskata yaro yana koyo daga aikin gwani fiye da yadda yake koyo daga jerin hani.

Bai rasa masu suka ba. Wani firist ɗan Sifen mai suna Antonio Eximeno, wanda yake zaune a Roma, ya buga littafi a 1774 yana cewa waƙa daga harshe take fitowa, daga yadda mutane suke magana, dokokin malamai kuwa sun ɗaure ta da yawa. Suka yi ta musayar rubutu. Mu a namu gani, Martini ya fi shi sanin yadda ake rainon almajiri, amma Eximeno ya taɓo wani abu da ya shafe mu ƙwarai. Hausa tana da gaɓa mai nauyi da marar nauyi. In kari ya ja gaɓar farko ta gari, wurin zaman mutane, sai ya koma garin tuwo. Waƙoƙi da yawa da aka juyo mana daga Turanci a nan suke tuntuɓe, gama an ɗinka karin ne domin wani harshe, aka cusa masa Hausa. Mata na Zumunta, da tulunsu da cakinsu, ba sa faɗawa wannan rami, domin daga maganar suke ciro karin. Wanda zai koya wa yaranmu tsara waƙa ta hanyar Martini, abin koyin da zai shimfiɗa musu ya haɗa da waƙoƙin iyayen nan mata, da kuma rubutattun waƙoƙi masu ma'auni irin na Mu'azu Haɗejiya, malamin makarantar nan da ya rasu a shekarun 1950, domin yaro ya ga yadda ake auna gaɓa kafin ya ɗora mata muryoyi huɗu.

Ikkilisiya kuwa ba ta hana ba. A zamanin Martini, Paparoma Benedikt na 14, wanda shi ma ɗan Bolonya ne, ya rubuta wasiƙa a 1749 yana tsawata wa masu shigo da kiɗan gidan wasa cikin sujada. Ya yarda da ogan da goge, ya hana ganguna da ƙahoni, ya nace lalle jama'a su ji kalmomin da ake rairawa. Maganar ganga ta sauya. A 1963 Majalisar Vatikan ta Biyu ta umarta a girmama kiɗan gargajiyar al'ummai a ba shi wuri cikin sujada, ta kuma kira masu tsara waƙa su yi wa ƙananan ƙungiyoyin mawaƙa aiki, ba manya kaɗai ba. Maganar jin kalmomi kuwa tana nan yadda take, ya kamata masu ƙure lasifika su tuna.

Paparoman nan ne a 1750 ya ba da umarni kada a watsa littattafan Martini bayan ransa. Tara littattafai shi ne abin da ya fi cin ransa. Duk wanda ya tambaye shi abin da zai saka masa da shi, tsohon littafin waƙa yake so, ko hoton wani makaɗi. Johann Christian Bach ya aiko da nasa hoton daga Landan, Leopold ya aiko da na ɗansa a 1777, har hotunan suka kai wajen 300. Wani Bature ɗan Ingila, Charles Burney, da ya ziyarce shi a 1770, ya kimanta littattafan sun kai 17,000. Da su ne Martini ya ɗauki niyyar rubuta tarihin kiɗa na duniya duka. Sai dai daga Adamu ya faro, ya bi ta kan Yubal na Littafin Farawa, da Ibraniyawa, da Masarawa. Kashi uku suka fito, na farko da kwanan 1757, sai 1770, sai 1781, har yanzu yana cikin Helenawa na dā. Bai iso ga waƙar Ikkilisiya, wadda ya fi kowa sani, ba. A nan kam tsananin son cika aiki ya cuce mu, da ya faro daga tsakiya da mun fi amfana.

Ya daɗe yana fama da ciwon asma da gyambo a ƙafa, amma bai rufe ƙofarsa ga almajirai ba. Ya rasu ran 3 ga Agusta, 1784, yana da shekara 78. Wanda ya gaje shi shi ne almajirinsa kuma ɗan'uwansa cikin zuhudu, Fada Stanislao Mattei. A 1796 sojojin Faransa na Napoliyon suka shiga Bolonya, bayan shekara biyu aka rufe gidajen zuhudu, aka kwashe dukiyarsu. Umarnin Paparoma bai tsare kome ba a ranar. Mattei ne ya ɓoye babban kashi na littattafan malaminsa a gida, har ƙura ta lafa. A 1804 birnin ya buɗe makarantar kiɗa, aka ɗauke shi malamin saƙar muryoyi, daga baya ya miƙa wa birnin abin da ya ɓoye. A 1806 wani yaro ɗan shekara 14 mai suna Gioachino Rossini ya shiga makarantar, ya zauna gaban Mattei yana cika muryar ƙasa da hannun dama. A 1815 Gaetano Donizetti ya biyo shi. Makarantar tana nan, tana ɗauke da sunan Martini. Littattafan da hotunan kuwa an buɗe musu gidan tarihi a 2004, a can ne kuma ake ajiye da takardar jarrabawar Mozart ta farko, tare da wadda malaminsa ya gyara.